Robobi Bakwai Marasa Huji

A bayan ƙofar shagon Kawu akwai wata ƙusa da ya kafa tun Auta tana firamare. A nan yake rataye robar cikin taya idan ta huje, kafin ya yi mata faci, kuma Auta ba ta taɓa ganin roba ta kwana biyu a wurin ba. Ranar Alhamis da yamma, da ta turo kekenta ciki, kafaɗarta ta goge su. Ta waiga ta ga guda bakwai a jere, har gizo-gizo ya fara saƙa a jikin ta can ƙurya.

"Sannu da aiki, Kawu."

"A'a, injiniya ce da kanta? Me kika karya kuma?"

"Sarƙar ce take ƙara in na sa babbar giya."

Ya ɗaga keken da hannu ɗaya ya maƙala a ƙarfen gyara, ya juya feda yana saurare da kai a karkace. Kawu yayan mahaifiyarta ne, shekarunsa sittin da biyu. 'Yan ƙungiyar masu hawan keke ta ranar Asabar Mai Faci suke kiransa, kuma shekara ashirin da ɗaya ke nan shi ne yake tafiya a ƙarshen layi, don kada wani ya samu matsala ba a gani ba. Shi ya koya wa Auta keke, yana riƙe da sirdi yana bin ta da gudu da silifas.

Ta duba shagon. Ranar Alhamis da ma ba a samun wurin sa ƙafa, don kowa yana kawo kekensa a duba kafin Asabar. Yau biyu ne kacal a jingine, ɗayan ma na yara ne.

"Kawu, ina kekunan mutane?"

"Suna gidajen mutane."

"Har na Dogo?"

"Dogo ya ce sabon shagon nan na kusa da shataletale yana da na'urar da take faɗin iska da lamba. Ni kuwa babban yatsana ne na'urata." Ya yi dariya, ya goge hannu a tsumma. "Tsaya in karɓo man sarƙa wajen maƙwabcina, nawa ya ƙare."

Wata biyu ke nan da Auta ta koma hawa, bayan shekara biyu kekenta yana rataye a silin ɗin shagon nan. Ciwon kumburin hanji ne ya sauke ta. Likita ya ce mata ba irin wanda ake warkewa ba ne, lallaɓa shi ake yi, da magani da kula da abin da ake ci, wani lokaci ya kwanta, wani lokaci ya tashi. Idan ya tashi kuwa ba ya ba mutum minti goma. Amma ba zafin ne ya raba ta da ƙungiyar ba. Ƙungiyar tana da doka ɗaya da ba a taɓawa: ba a barin kowa a baya, in mutum ɗaya ya tsaya kowa ya tsaya. Asabar ɗinta ta ƙarshe kafin ta daina, sau uku ta tsaya, sau ukun kuma mutum goma sha ɗaya suna tsaye a bakin kwalta suna kallon sama, kowa ya san inda ta je. Da ta fito na ukun wani ya ce mata cikin taushin murya, "Kada ki damu, ba sauri muke yi ba." Ta gwammace a zage ta. Washegari ta kawo keken ta ce a rataye.

Tun da ta dawo kuwa, ba a taɓa tsayawa dominta ba. Ta ɗauka sa'a ce. Duk lokacin da cikin ya fara murɗawa, kafin ta gama tunanin yadda za ta yi, sai a ji muryar Kawu daga baya: "Faci!" Kowa ya taka birki, ana tsaki ana dariya, ita kuma ta ce bari ta sayo ruwa, ta zagaya bayan gini. Kafin ta dawo Kawu yana ba sabuwar roba iska, a hankali, kamar mai jin barci.

Ta sake kallon ƙusar. Ta sauko da roba ɗaya, ta ɗauki famfo ta ba ta iska, ta tsoma ta cikin bahon ruwan da Kawu yake neman huji da shi. Ta juya ta kaɗan-kaɗan, yadda ya koya mata, tana jiran kumfa. Ruwan ko motsi bai yi ba. Ta ɗauko ta biyu. Tana kan ta biyar Kawu ya shigo da kwalbar mai a hannu, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Wa ya sa ki aiki?"

"Kawu, ina hujin?"

"Ƙananan huji ne. Idonki bai ƙware ba."

"Kai ka ce min ruwa ba ya ƙarya."

Ya ajiye kwalbar, ya zauna a kan benci, ya ɗauki sifana yana juya ta a hannu ba tare da ya yi komai da ita ba. Auta ta shiga lissafa wuraren a ranta: gidan mai sau uku, ƙofar makaranta, ƙaramin asibitin da ke bakin gada, gidan mai kuma, sai kasuwar 'yan katako. Babu faci ɗaya da ya taɓa yi a inda babu banɗaki.

"Ta yaya kake sani?" ta ce, muryarta ta yi ƙasa.

"In abin ya taso miki, kina daina sauya giya, gwiwarki ta hagu kuma ta riƙa buɗewa waje. Tun kina 'yar shekara shida haka kike yi in fitsari ya matsa miki. Ni kuma a baya nake, aikina kallon ƙafafun mutane ne. In na ga haka sai in jira mu zo wuri mai kyau, in sauka, in danna bawul ɗin tayata da yatsa, iskar ta fice. Shi ke nan."

Ta ciro wayarta ta buɗe saƙon da Kyaftin, shugaban ƙungiyar, ya turo wa kowa da safe. Ta karanta a bayyane: "Saboda nisan tafiyar jibi, kilomita ɗari da ashirin, an shawarci Mai Faci ya bi mu a mota." Ɗazu da ta gani ta ɗauka don shekarunsa ne.

"Na gani," in ji Kawu. "Mota ma akwai daɗi. Akwai rediyo."

"Sun ɗauke kekunansu daga nan saboda suna ganin ba ka iya gyara naka ba!"

"Auta, ni sunana ya yi kauri, in an yanki kaɗan ba zai ƙare ba. Ke fa? Shekara biyu ina ɗaga kai ina ganin keken nan a sama kamar gawa. In kika buɗe baki, tausayinki za su ji, kuma na san ki, tausayi shi yake korar ki gida. Bar shi haka. Daga cikin motar ma zan san dabarar da zan yi."

Da ya gama da sarƙar ta naɗe robobin bakwai ta zuba a jakarta. Ya gani, bai hana ta ba.

Ranar Juma'a a ofis, inda take zana taswirar gine-gine, ta bar aikin wani rukunin shaguna a gefe lokacin hutun rana, ta zana hanyar Asabar tun daga farko har ƙarshe. Duk inda ta san akwai banɗaki ta sa jan ɗigo, ta rubuta kilomitarsa, da ko akwai ruwa, da wanda yake riƙe makulli. Shekara biyu na ciwo sun koya mata wannan garin da kewayensa ta wata fuska da babu wanda ya sani. Ta buga kwafi goma sha huɗu. Abokin aikinta na teburin gefe ya leƙo ya ce, "Bututun ruwa ne?" Ta ce, "Kusan haka."

Da ta koma gida, tun rana ba ta faɗi ba, ta zauna a baranda ta ba robobin iska ɗaya bayan ɗaya, ta jera su a jikin bango. Umma ta fito da tsintsiya ta tsaya.

"Ikon Allah. Shago za ki buɗe ki kashe wa yayana kasuwa?"

"Kasuwar na riga na kashe ta, Umma." Ta ba ta labari.

Umma ta jingina tsintsiyar, ta daɗe tana kallon robobin. "Haka yake tun muna yara. Na taɓa fasa tulun fitila, ya ce shi ne, ya sha duka yana min gwalo. To ke yanzu faɗa musu za ki yi? Ke da ko a waya ba kya iya cewa an yi kuskuren lamba?"

"Ban sani ba ko zan iya."

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ki ci farar shinkafarki da wuri, ki sha maganinki. Kuma kada ki yi musu kuka, za su ɗauka mutuwa za ki yi."

Ƙarfe shida na safiyar Asabar aka taru a filin ajiye motoci na gaban kantin magani, kamar kullum. Ana ɗaura hular kwano, ana cika gorunan ruwa. Kawu ya zo da kekensa duk da haka, amma ya jingina shi a jikin motar rakiya, ya tsaya hannu a aljihu. Sai ga Auta ta shigo da robobi bakwai cike da iska rataye a wuya da kafaɗa, da ƙyar take ganin gabanta.

Dogo, wanda ba a taɓa jin bakinsa ya huta ba, ya dafe ƙirji. "Wayyo! Mai Faci ya ɗauki 'yar dako! Baba, bakwai za su ishe ka yau kuwa? Ko a ƙaro?"

Aka kwashe da dariya. Auta ta sauke robobin a kan kwalta. Ta rasa wanda za ta kalla, sai ta kalli takalmin Kyaftin.

"Tun jiya da la'asar na ba su iska," ta ce. "Ku taɓa."

Anti Nas, babbar mace a ƙungiyar, ta durƙusa ta matsa ɗaya, ta matsa wata. "Lafiyarsu ƙalau. Na waye?"

"Na Kawu ne. Su ne ya ciro duk ranar da ya ce ya yi faci. Bai taɓa yin faci ba. Ni ce." Ta ɗago kai. "Ina da ciwon hanji, kun sani, ko kun yi kamar ba ku sani ba. Ba ya warkewa. Wani lokaci dole in shiga banɗaki nan take. Shi yake sace iskar tayarsa don kada ku tsaya ku jira ni."

Dogo ya cire gilashinsa ya mayar. Auta ta ga fuskokin sun fara yin laushi, irin laushin nan da ta tsana, sai ta yi sauri ta ciro takardun ta fara rabawa.

"Ba tausayi na zo nema ba. Ga taswira. Jan ɗigo banɗaki ne. In kuka ga na ɗaga hannu na fita daga layi, kada wanda ya taka birki. Ku rage gudu kaɗan kawai, zan kamo ku."

Kyaftin, tsohon malamin lissafi mai furfura a gemu, ya riƙe takardar nesa da ido yana dubawa. "Dokar nan ba don ado muka kafa ta ba, 'yata. An taɓa barin mutum a baya, ya faɗi a rami, sai da yamma aka gano shi."

"To a bar min mutum ɗaya. Aikin na ƙarshen layi ne ai."

Kowa ya juya ya kalli Kawu. Shi kuwa yana nazarin wata tsakuwa a ƙasa kamar bai taɓa ganin irinta ba.

"Mu muna ashirin da biyar a awa," in ji Kyaftin, yana lissafi a bayyane. "In kin yi minti shida, mun ba ki kilomita biyu da rabi. Kin san abin da kike cewa?"

"Na yi lissafin, Malam. Yana bayan takardar."

Ya juya ta, ya karanta, gefen bakinsa ya motsa. "Mai Faci, cire hannu daga aljihu ka hau kekenka. In mun kai ɗigon gaba ba mu gan ku ba, za mu tsaya, doka ta koma yadda take."

Kilomita talatin na farko cikin ya yi shiru. Suna tafe biyu-biyu, na gaba yana yanka wa na baya iska, in ya gaji ya zame gefe wani ya karɓa. A kilomita talatin da shida ta ji murɗar, ta kuma ji gwiwarta ta hagu ta buɗe, har ta kusa yin dariya. Da gidan mai ya bayyana ta ɗaga hannu ta fita. Ta ji ƙarar birki ɗaya, sannan muryar Anti Nas: "Dogo, sakar birkin nan, ba kai aka kira ba!" Layin ya wuce.

Makullin yana wajen mai sayar da man inji, kamar yadda ta rubuta. Minti biyar ta yi. Ta fito ta tarar da Kawu riƙe da kekunan biyu.

"Shiga bayana," ya ce.

"A'a, Kawu. Kai ka shiga bayana."

Ta kwantar da kai, ta sa babbar giya, sarƙar ba ta ce uffan ba. Ba su yi minti ashirin ba suka hango rigunan ƙungiyar, suka lallaɓa suka manne a ƙarshen layi. Babu wanda ya waiga. Dogo ne kawai ya miƙo hannu baya da ayaba, bai juyo ba.

Murɗar ta biyu ta zo da mugunta. A kilomita saba'in da tara ne, daf da dogon hawan nan da kowa yake tsoro, kuma da ƙyar ta kai ƙaramin asibitin bakin gada. Ta daɗe a ciki, goshinta a jikin bango mai sanyi, gumi yana ɗiga daga haɓarta. Sai da ta buɗe 'yar jakar da take ɗaurewa a ƙarƙashin sirdi ta sauya wando. Da ta duba agogo, minti goma sha uku sun tafi. Motar rakiya tana tsaye a inuwa, direban ya buɗe ƙofar baya yana jira, kujerar tana kiran ta.

Kawu yana tsugune kusa da tayarsa ta baya. Babban yatsansa yana kan bawul.

"Kawu. Cire hannunka."

"In na kira Kyaftin na ce na yi…"

"Cire."

Ya cire. Ta kurɓi ruwan gishiri da sukari daga gorarta, ta jira ta ji ruwan ya zauna a cikinta, ta hau. Ɗigon gaba yana saman hawan, kilomita tara daga nan, kuma ta san in suka riga ta isa za su tsaya, su jera a bakin kwalta su kalli sama.

Farkon hawan ƙafafunta kamar na aro. Ta sauke giya, ta daina kallon sama, ta riƙa ƙirga turakun lantarki. A na ashirin numfashinta ya daidaita. A na arba'in ta ji wani abu da ta manta da shi tun kafin ciwon, ƙafafun suna juyawa da kansu, ciki ya yi lamo kamar ya gaji da faɗa. A bayanta tana jin hucin Kawu, tayarsa daf da tata, yana fakewa a iskarta yadda ta yi shekaru tana fakewa a tasa.

"Kana nan, tsoho?"

"Yi ta kanki, marar kunya," ya ce da ƙyar.

A kwana ta uku ta hango su, ƙanana, a warwatse a jikin hawan, kowa yana fama da nasa. Ta wuce na ƙarshe, ta wuce mutum biyu. Anti Nas ta ɗago kai ta gan ta, ta rangaɗa ihu ba numfashi. Saura kamar mita ɗari biyu a kai saman ta jera da Kyaftin, wanda ya riga ya fara ɗaga hannu zai ba da alamar tsayawa. Ya kalle ta, ya kalli agogonsa, ya mayar da hannun kan keke.

"A ci gaba!" ya ce da ƙarfi, suka zuba a gangara gaba ɗaya, iska tana share mata hawayen da Umma ta ce kada ta yi.

A kilomita casa'in da biyar wani hannu ya tashi a tsakiyar layi. Na Dogo ne. Ya fita ya nufi jan ɗigon kasuwar 'yan katako a guje, aka bi shi da shewa. Da ya kamo su yana haki ya ce, "Ku yi ta dariya. Shekara huɗu ina riƙewa saboda dokarku, har na fara tafiya kamar agwagwa."

Ƙarfe goma sha ɗaya da rabi suka dawo filin kantin magani. Aka zube a inuwa, ana cire takalma, ana musu a kan wanda ya fi shan wuya a hawan. Kyaftin ya zo ya tsaya kusa da Auta, ya ninke taswirar ya sa a aljihun rigarsa, ya yi ƙasa da murya.

"Hanyar tafkin nan da muke bi ƙarshen wata, ita ma za a iya samun irin wannan? Ba don ni ba. Akwai dai masu shekaru a cikinmu."

"Za a samu, Malam."

Dogo ya turo kekensa yana ɗaga murya don kowa ya ji. "Ina Baba Mai Faci? A gaya masa na'urar can ƙarya take yi, ranar Litinin zan kawo masa, ya sa min yatsan nan mai albarka!" Wasu uku suka ce su ma. Anti Nas ta ja Auta ta rungume ta, ta shiga tambayarta sunan maganin da take sha, wani ya miƙo mata ruwa, wani yana son ganin lissafin bayan takarda.

Ta saman kafaɗar Anti Nas ta hango Kawu a bayan motar rakiya. Ya ɗauko robobin bakwai, yana danna bawul ɗin kowace yana naɗe ta tsaf. Shida ya zuba a jakarsa. Ta bakwai ya ɗaure ta da ƙyauro, ya zo inda kekenta yake jingine ya cusa ta a 'yar jakar ƙarƙashin sirdi, ya matsa tayarta ta baya da babban yatsa, ya gyaɗa kai. Sannan ya tura kekensa ta bayan kantin, ya hau, ya bi layin da zai kai shi shago.